Ƙugiyar Malama Ma'u

Idan ka shiga Argungu ka ce kana neman labarin Malama Asma'u Usmanu, sai a yi ta kallon juna, wani ma ya nuna maka gidan ungozoma. Amma ka ce Ma'u Ƙugiya. Nan take za ka ga dattijo mai furfura ya gyara zama, ya goge hannu a riga kamar har yau akwai alli a jiki, ya ce, "Ajinta niy yi." Irin waɗannan ko sunan akuyarsu za su rubuta sai sun koma sun duba shi sau biyu.

A Gulma aka haife ta, gidan masunta. Ubanta Usmanu bai san ko bihim ba a boko, amma in ya dubi fuskar gulbi sai ya gaya maka inda tarwaɗa ta kwana. Shekarar da aka zo ɗibar yara makaranta, mutane na ta cusa 'ya'yansu mata cikin rumbu, shi kuwa ya kamo hannun tasa ya kai da kansa. Aka ce, "Usmanu, lahiya?" Ya ce, "Surutunta ya ishe ni. Gara ta tahi ta dami gwamnati."

Tana aji biyar ta zama mai rubuta wa unguwa wasiƙa, kai ya kumbura, tafiya ta sake. A nan ne Allah ya nuna mata iyakarta.

Gwaggonta Asiya na da miji, Abu, ya tafi su can Yawuri. Wani mai ɗan karen baki ya kai masa tsegumi wai Asiya ta zagi tsohuwarsa. Asiya ta kira Ma'u, ta zaunar da ita a kan turmi, ta ce, "Rubuta. Ki gaishe shi. Ki ce an hwaɗa mai wai na zagi uwatai. Ki ce ƙarya ta."

To, mu nan "ƙarya ta" muke cewa, littafi kuwa "ƙarya ce" ya sani. 'Yar boko ta tsuke baki, ta gyara wa gwaggonta Hausa, ta mai da "ta" ta koma "ce", tana jin kanta kamar alƙali. Wurin gyaran abin da bai dami kowa ba ta mance ɗan lanƙwasan da ake yi wa kan baƙin. Aya kuwa ko ɗaya ba ta ɗiga ba. Takarda ta isa Yawuri, Abu ya kai wa mai karatu a tasha, mai karatu ya yi gyaran murya, ya karanta abin da idonsa ya gani, ya tsaya inda numfashinsa ya ƙare: "An gaya maka wai na zagi… uwarka karya ce."

Karya fa. Macen kare. A gaban 'yan tasha.

Kwana uku sai ga Abu a Gulma, ido jawur, takarda a hannu. Asiya na rantsuwa tana ɗaure kwanoni, tsohuwa na kuka tana cewa da girmanta aka haɗa ta da mai haushi, unguwa ta cika tsakar gida, har da waɗanda suka bar tuwo a wuta. Saura ƙiris igiya ta tsinke, Usmanu ya ce a kawo mai rubutun. Ya ce ta zana masa a ƙasa abin da aka ce da abin da ta rubuta. Ta zana biyun da yatsa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Wagga da wagga ai ɗaya na. Sai dai wanga abu bisa kan ta dama. Mi na na?"

"Ƙugiya aka ce mata, Baba."

"Ƙugiya!" Ya miƙe ya tafa hannu. "Ke ɗiyar masunci, kinka jehwa igiya gulbi ba ƙugiya? To mi kika son kamawa, sanyi?"

Gida ya kwashe da dariya, har Abu bai san lokacin da haƙoransa suka fito ba. Aure ya tsira, ya kuma tsira da kyau, don sai da suka haifi tara. Da yamma Usmanu ya ɗauko ƙugiya guda cikin kayan sunsa, ya goge kaifinta a dutse, ya zarga mata zare ya ba Ma'u. Ta ɗaure a gefen mayafi, kuma mayafai sun yi ta tsufa ana sakewa, ƙugiyar nan ba ta sake ba.

Ta gama firamare ta auri Tamba mai gyaran keke a Argungu, mutum mai sanyin hali da kaifin zolaya, ta haifi uku. Sai shekarar da aka yanke Jihar Sakkwato ta zo, aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Yara suka kwararo kamar fara, malamai babu. Duk wanda ya iya rubuta sunansa bai kifa shi ba aka ce ya zo. Aka kwashi su Ma'u zuwa Birnin Kebbi, aka yi musu kwas na wata uku, aka ce sun zama malamai. Malamai dai na wucin gadi, ba takardar shaida. Irin kujerar nan ce mai ƙafa uku: sa hannu ɗaya ya isa ya ture ta.

Aka ba ta aji uku a makarantar bayan kasuwa. Yara sittin da uku, benci goma sha ɗaya, sauran a ƙasa. Aka kuma ba ta jan biro, wanda daidai yake da a ba mai jin haushin ɓera tocila da taɓarya. Littafi ya shiga hannunta fari, ya fito kamar an yanka zakara a kai. Ba ƙugiya kaɗai ba, komai take kamawa. Yaro ya rubuta "shina" ta soke ta sa "yana". Ya rubuta "tahi" ta soke ta sa "tafi". Baƙi ya ɗan karkace ta zagaye shi. Iyaye kuwa na jin daɗi, a ganinsu yawan ja shi ne yawan karatu.

Shekara uku ana haka, sai aka kawo sabon hedimasta, Malam Atiku. Saurayi ne dogo, wando mai faɗin ƙafa yana share masa hanya, suma tsaye kamar gammo. Ya fito daga wani kwas a Sakkwato, kuma bai iya buɗe baki ba sai ya ce "an ce a kwas". Kafin sati ya zagayo sunansa ya koma An-ce-a-kwas, kuma ba sai na gaya muku bakin da ya raɗa masa ba.

Ya tara malamai gindin dogon yaro ya ce, "An ce a kwas, ƙaramin yaro ba a gyara masa rubutu. Daga aji ɗaya zuwa uku a bar su su rubuta yadda suka ga dama. Ja yana tsorata su. In hannu ya saba, daidai zai zo da kansa."

Ma'u ta ce, "Ranka shi daɗe, shi daidai ɗin wace mota zai hawo?"

"Malama Ma'u, wannan bincike ne na masana."

"Su masanan, an taɓa kiran uwar wani karya sabadda su?"

Bai san labarin ba, ya ɗauka rashin kunya ce tsagwaronta. Ya bi aji aji ya kwashe jajayen biro, ya kulle a aljihun tebur. Ran Asabar Ma'u ta hau motar Birnin Kebbi ta sayo koren biro. Litinin littattafai suka fito kamar fadamar shinkafa. Ya kira ta. Ta ce, "Ja kah hana." Ya rubuta mata takardar gargaɗi da hannunsa. Ta karanta a tsaye, ta ga ya rubuta "gargadi", ta cire murfin koren biro ta ɗora wa baƙin ƙugiyarsa, ta miƙa masa abinsa. Ta ce, "Yanzu ya gargaɗu."

Mai tsokanar kura ya kamata ya fara duba ko ƙofarsa na rufuwa. Ƙofar Ma'u ba ta rufuwa, kuma wadda ta buɗe ta 'yar shekara tara ce.

Sunanta Baiwa, 'yar wani manomin albasa. Shiru-shiru ce a aji, amma a farkon shekara in an ce a rubuta layi uku sai ta cika shafi. Littafinta ya fi na kowa shan ja, don wanda ya fi yawan tafiya shi ya fi yawan tuntuɓe. Sannu sannu shafi ya koma rabi, rabi ya koma layi biyu. Ran wata Laraba aka ce kowa ya rubuta abin da ya gani a kasuwa. Ma'u ta buɗe littafin Baiwa ta ga fari fat. Ta juya baya, jiya fari, shekaranjiya fari.

"Ke, ina aikinki? Hannun ya karye?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ta ce, a hankali, "Hwarar takarda ba ta kuskure, Malama."

Ma'u ta sake duban fararen shafukan. Ga shi kuma Malam Atiku na tsaye bakin taga, ya ji komai. Ya shigo ya ɗauki littafin, bai yi dariya ba, a gaskiya ma ransa ne ya ɓaci. A makon ya aika rahoto ofishin ilimi na Birnin Kebbi: malamar wucin gadi ta ƙi bin umurni, ta kuma kashe hannun ɗaliba, sunanta kaza. Amsa ta dawo cewa mai duba makarantu zai zo bayan sati bakwai, ya gani da idonsa, ya yanke ko a bar ta ko a sallame ta.

Ta iske Tamba ƙofar gida ya kifa keke yana liƙin taya. Ta gaya masa. Ya ce, "In sun kore ki ga aiki nan. Ki riƙa ba taya iska. Ba sai na sayi hwamho ba, bakinki ya isa."

"Malam, ba wasa nika ba."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga da gaske ne. Ba kuɗin aikin ke cin ta ba. Ita ce mace ta farko daga Gulma da aka kira Malama, kuma waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu suna nan da ransu, suna jiran ranar da za su ce wa Usmanu ga inda bokon ya ƙare. Tamba ya ce, "Tahi ki ga tsoho."

Ta sami Usmanu a inuwa yana ɗinkin taru, ido ya fara gajiya amma yatsu na gani. Ta zayyana masa komai, tana ƙara gishiri inda An-ce-a-kwas ya shigo, tana ragewa inda Baiwa ta shigo. Tsoho ya bar ta ta gama. Sai ya ɗaga tarun ya zura yatsu uku cikin ido ɗaya.

"Kin san don mi aka barin ido da hwaɗi haka?"

"Don ruwa shi wuce."

"Don ɗiyan kihi su wuce. Mai taru mai ƙananan ido yau shi ka cika kwando, baɗi shi zamna bakin gulbi shina zagin ruwa. Ƙugiya nib ba ki, Ma'u. Ban ba ki rariya ba."

"Wato hedimasta ad da gaskiya?"

"Shi ya ce a bar su dut. Wanga mahaukaci na, yunwa za ta kashe shi. Ke kin ce a kama dut. Ke ma mahaukaciya ta. Mahaukata biyu gwamnati ta ba ɗiyan mutane."

A motar dawowa ta tuna wasiƙar gwaggonta. Me ya kusa kashe auren nan? Ba "ta" ba, ba "ce" ba. Ta ɓata hankalinta wurin kamun 'yan ƙananan, giwan ruwa ya wuce ta gabanta. Shekara goma sha shida da abin, ashe har yanzu sana'ar da take yi ke nan.

Litinin ta shiga aji ba biro ko ɗaya, sai fensir. Ta kwance ƙugiya daga mayafi ta rataya a ƙusar allo, ta ba su labarin Yawuri tun daga turmi har zuwa tasha. Aji ya yi dariya har wasu suka faɗo daga benci. Sannan ta kafa doka biyu.

Ta farko: daga yau ba ta soke wa kowa rubutu. In ta duba littafi ta ga kuskuren da ke juya magana, ƙaya ta koma kaya, ƙura ta koma kura, ɓata ta koma bata, sai ta zana ɗan kifi a ƙasan shafi. Kifi biyu, kuskure biyu ke ɓoye a ruwan nan, mai shi ya shiga ya kamo abinsa. Kuma ko shafi ya cika da ɓarna, kifi ba ya wuce uku. Sauran a bar su su girma.

Ta biyu: in an ce ka karanta, abin da ke kan takarda za ka karanta, ba abin da ke ranka ba. Yaron da ya so ya ce babansa ya taka ƙaya, ya rubuta kaya, sai ya tashi a gaban jama'a ya ce babansa ya taka kaya, a tambaye shi na wa. Kowace Jumma'a ranar su ce: a musanya littattafai, a buga tebur a madadin ganga, kowa ya faɗa ruwan maƙwabcinsa, wanda ya kamo mafi girma a ɗaga hannunsa a yi masa guɗa. Yaran Argungu fa, waɗanda aka haifa da jin ƙarar gora a kan ruwa. Kafin sati uku sun addabi gari. Mai shago ya rubuta a ƙofa "a kula da barayi", suka tsaya suna tambayarsa ina ƙugiyar ɓarayinsa.

Baiwa ce ta ƙi shiga ruwa. Sati guda fari, sati biyu fari. Ma'u ta haɗiye harshenta, abin da ya fi haihuwa wuya a wurinta, ta riƙa zana kwale-kwale a ƙasan farin shafin, ba kowa a ciki. A sati na uku ta buɗe ta ga layi ɗaya: "Malama jirgin wa na?" Ta rubuta a ƙasa: "Naki. Shina jiran ki." Da "shina" ɗinta, da hannun da ya soke "shina" ya fi dubu.

Malam Atiku ya leƙo sau biyu, ya ga ba ja ba kore, ya ga kifaye, ya ce gyara dai gyara ne ko da ya sa rigar kifi. Rahoto ya riga ya tafi.

Ranar zuwan mai dubawa aka share makaranta har gindin tulu. Hedimasta ya sayo farin ƙyalle, ya jiƙa shuni, ya rubuta maraba da hannunsa da manyan baƙaƙe, aka ɗaure tsakanin dogon yaro biyu daidai tagar aji uku. Ma'u ta iso, ta ɗaga kai, ta tsaya cik. Ku ba ta hakkinta, ta yi ƙoƙari.

"Hedimasta, wanga rubutu…"

"Malama Ma'u, ko yau ma? Na hana gyara a makarantar nan. Kowa ya san abin da ake nufi."

"To. Na yi shiru."

Ta shige aji tana taunar leɓe, kamar mai riƙe da garwashi a baki.

Wajen hantsi Landiroba ta tsaya. Mai dubawar shi ne Malam Zakka, mutumin kudancin Zariya, Kirista, ya haura shekara ashirin a Birnin Kebbi, gidansa a unguwar Nasarawa. Kowa ya san shi da abu biyu: adalci da surutu. In ya fara jawabi sai a aika gida a ce a rufe abinci. Allah kuma ya yi masa wurin fitar maganar a yalwace. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai ƙugiya ba ta taɓa zama a harshensa ba, ƙofa kofa ce, ɗaki daki ne. Ya wuce ƙarƙashin ƙyallen da mutanensa biyu, ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya ce an gode.

Ya zarce aji uku, hedimasta na biye. Aka gaishe shi. Ya ce kafin ya duba littafi yana so ya ji ko yaran sun iya karatu, kuma ba na littafin da suka haddace ba. Ya waiga ya hango ƙyalle ta taga. Ya nuna. "Ku karanta mini wancan, gaba daya."

Ma'u ta dubi rufin kwano. Yara sittin da uku suka ja numfashi, suka karanta abin da ke kan ƙyalle, ba abin da ke ran hedimasta ba, da murya ɗaya da aka ji har rumfar mahauta:

"BARKA DA ZUWA MANYAN BAKI!"

Ɗaya daga cikin mutanen Malam Zakka ya dubi bakin maigidansa, ya toshe nasa da hula, ya fita da gudu. Malam Zakka bai iya faɗin ƙugiya ba, amma shekara ashirin sun koya wa kunnensa jin rashinta. Ya kai hannu a hankali ya shafa leɓensa. Malam Atiku kuwa sumar nan tasa kamar ta kwanta.

Sai wani ɗan hannu ya tashi daga ƙasa, can layin baya.

"Malama, akwai kihi. Guda na, amma babba."

"Tahi ki kamo shi."

Yarinya ta fita, ta tsinci gawayi a murhun mai ƙosai, ta ja benci, ta hau, ta yi ɗage, ta lanƙwasa wa baƙin nan kai. Aji ya sake ɗauka ba wanda ya sa su: "Manyan baƙi!" Wani ya fara buga tebur, 'yan mata suka rangaɗa guɗa.

Malam Zakka ya yi dariya har ya dafa allo. Da ya samu numfashi ya zaro rahoto daga jaka, ya sa tabarau. "To. Ina yarinyar da aka ce an kashe wa hannu? Baiwa?"

Ma'u ta ce, "Yallaɓai, ita ag ga bisa benci."

Ya ce a kawo littafinta. Ya juya ya ga jan, ya ga fararen shafuka, ya ga kwale-kwale, sannan ya ga rubutu shafi bayan shafi, har gefe, har bangon baya. Ya tsaya a kan wani labari na yadda jakin babanta ya cinye albasar da aka shanya ya kwana yana hawaye. Ya karanta har ƙarshe, bakinsa na motsi.

"Malama, na ga kifi biyu a nan, ta kuma kama su. Amma ga 'shina', ga 'tahi', ga 'wanga'. Me ya sa kika bar su?"

"Yallaɓai, 'shina' bai taɓa kashe auren kowa ba. Rigar gida ta. In sun kai aji biyar a ɗinka musu ta jarrabawa, su san wadda aka sawa ina. Amma ƙugiya wando ta, ba a hita babu ita."

Ya juya ga hedimasta. "Malam Atiku, rahotonka ba karya ba ne." Aji ya fara motsi, Ma'u ta zare musu ido, suka haɗiye. Shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya ɗaga hannu. "Kun ji ko? Kun ji abin da nake fama da shi? Na gina gida a garin nan, na aurar da 'ya, har yau in na ce a rufe kofa sai yara su zagaya bayan daki su yi dariya. Ba wanda ya gyara mini ina karami, yanzu harshe ya bushe. Ja ka hana, ka yi daidai, ga fararen shafuka sun ba ka gaskiya. Amma gyara ba mai hana shi. Ga kyalle ya ba ta gaskiya."

Daga nan ya shiga jawabi, ya yi awa guda da rabi, ba wanda ya riƙe ko kalma. Abin da aka riƙe shi ne ya ninke rahoton huɗu ya sa a aljihu, ya ce Malama Ma'u tana nan a ajinta. Ya ƙara da cewa in an yi hutu ta zo Birnin Kebbi ta nuna wa malamai wannan su nata, shi kuma zai nema mata gurbi ta yi karatun takardar shaida, don kada wani ya sake ture ta da sa hannu ɗaya.

Da mota ta tashi Malam Atiku ya kira ta ofis. Ya buɗe aljihun tebur ya turo mata jajayen biro. Ta dube su ta ce, "Riƙe abinka, ranka shi daɗe. Rabin gaskiya taka ta." Ya buɗe baki don murna, ta ce, "Ƙaramin rabin." Sannan ya ce, ƙasa ƙasa, ko za ta duba masa jawabin ranar iyaye kafin ya karanta. Ta zana masa kifi uku. Da ta bi ta tarun da, da sha ɗaya ne.

Labari ya riga ta isa Gulma. Usmanu ya sa aka kai shi dandali, ya zauna daidai inda masu rumbu ke zama, ya sa a maimaita masa "manyan baki" har sau huɗu, wai kunnensa ya yi nauyi. Kunnen da ke jin motsin kifi daga tudu.

Ta samu takardarta bayan shekara biyu. An yi mata tayin ofis ta ce ita ba ta iya zama inda ba a buga tebur. Ta ci gaba da riƙe aji uku har aka yanke Jihar Kebbi, malaman da suka koyi zanen kifi a hannunta suka bazu har ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba. Baiwa ta zama malama ita ma, kuma an ce ta fi uwar ɗakinta tsanani, sai dai ba ta wuce uku. Ƙyallen nan Tamba ya karɓe shi ya yi rumfa a wurin gyaran kekensa, ya shekara goma yana inuwa ƙarƙashin ƙugiyar gawayi, duk wanda ya kawo faci sai ya sha labari kafin ya sha iska.

Ƙurunƙus kan giwan ruwa. Ku koma ku duba kalmar farko, ƙugiya biyu gare ta.